Sojan Da Ba Ya Cewa Sai Gobe

Ranar kasuwar Dakoro Hanatu ta fara ganin Yazidu, a gidan rediyon da take aiki tun da ta gama lisansi, digirinta na jami'a, a Maradi. Ya shigo yana ɗingishi, ya zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa. Tsohon soja ne mai rubuta labaran yaƙi, ita aka ba karantawa.

Hanatu ba ta da surutu, amma tana da ido. A labaransa babu jarumai. Akwai takalmi mai cizo, shayin da ya huce, da shirun da ke zuwa kafin harbi. Kuma babu mai cewa "sai gobe."

Shi ma bai taɓa ce mata ba. Ko da soyayya ta yi nisa, in zai tafi sai ya ce, "To, Hanatuna," ya juya.

Mahaifinta, Malam Abarci, ya kashe rediyo wata la'asar.

"Yaron nan duk wanda ya sa a labari sai ya binne shi. Na ce ya turo a sa rana, ya yi gum. Ga Zakiru dillalin shanu yana ta zarya. In kasuwa ta sake ci bai turo ba, ki cire shi a ranki."

Ta shige ɗaki, ta rubuta wa Yazidu a waya: "Ni kake so, ko muryata?"

Kamiyoyi, manyan motocin soji, suna wucewa arewa, taga tana rawa, amsa ta shigo.

"Abokina Hama ya ce mini sai gobe, bikinsa ya matso. Ni na kai wa amaryarsa jakarsa. In na sa rana, ji nake na nuna wa mutuwa gidanku."

Ta mayar masa:

"Ta san gidanmu tuntuni, sojana. Kai ne ba ka zo ba."

Shiru. Kwanaki suka ja.

Ana gobe kasuwa Yazidu ya miƙo mata sabon labari. A ƙarshensa soja ya yi sallama a ƙofar gida, aka amsa. Ta karanta shi a rediyo. Da yamma kawunnan Yazidu suka iso gidansu da goro.

Jajibirin aure saƙo ya zo: "Sai gobe, amaryata, in Allah ya kai mu."

Wani kamiyo ya wuce. Ta danne wayar a ƙirji.

Gari ya waye. Aka ɗaura, aka shafa fatiha. Malam Abarci ya riƙe hannun angon ya ƙi saki.

"Allah ya ba ku gobe mai yawa, ɗana."

"Amin, Baba."