Jiran da Yanzu-yanzu Ya Ƙi Yi

Wanda ya ga Yanzu-yanzu a yau sai ya ɗauka tun asali haka yake. Ni na san shi da hankalinsa, don ni nake yi masa zanen gini tun yana ƙaramin ɗan kwangila mai tsohon babur. Sunan ma leburorinsa ne suka laƙa masa, saboda duk abin da ka tambaye shi, amsar ke nan.

Ciwonsa ɗaya ne, takardar izinin gini. Ofishin tsara gari yana da nawa, ban musa ba, amma rabin laifin nasa ne. Sai ya tsayar wa mai gida ranar miƙa makulli, ya sauke bulo da yashi, ya haƙa harsashi, sannan ya tuna da izini. Ya je da fayil babu gwajin ƙasa, a koro shi, ya koma babu sa hannun injiniya. Kafin ya farga an shafa wa bango jan fentin dakatar da aiki, siminti ya daskare a buhu. Bakina har ya gaji da ce masa ya shigar da takardu tun ranar da aka ba shi aiki, ya yi sauran shiri yana jira. Ya ce shi ba a haife shi don ɗumama benci ba.

Daga ƙarshe ya nufi wurin wani boka. Abin da ya faru a can, shi ya gaya mini da bakinsa bayan aikin gama ya gama.

Bokan yana zaune a wani bene da aka dakatar da gininsa tun da daɗewa, rodi tsaye a samansa duk tsatsa. Da rana tsaka Yanzu-yanzu ya shiga, amma ɗakin duhu ne, sai ƙaurin gashi da aka ƙona. Agoguna rataye a bango birjik, babu ko ɗaya mai motsi. A tsakiya akwai baƙar tukunya, busasshen jini ya yi mata kauri a baki.

"Dukiya kake so ko sauri?" in ji boka.

"Idan na samu sauri, dukiya za ta zo da ƙafarta."

"Jiran da kake gudu ba ya ɓacewa. Dole wani ya zauna ya yi maka shi."

Yanzu-yanzu ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, masu zaman banza sun cika gari. A ba su."

"Ba na aiki da na waje. Kawo mini abin zama daga gidanka."

"Ba dai ran wani za a taɓa ba?"

"Ka ji na ce rai? Zama kawai na ce."

Yanzu-yanzu ya je gida ya ɗauko ɗan bencin ƙofar kicin, wanda tsohuwarsa da matarsa suke zama a kai da yamma suna jiran dawowarsa. Boka ya yanka baƙin zakara ya shafe ƙafafun bencin da jini, ya kwance agogon hannun Yanzu-yanzu ya rataye cikin sauran. Nan take agogon ya daina tafiya. Boka ya ce a mayar da benci inda yake.

Daga ranar, fayil ɗinsa bai sake kwana a ofis ba. Ya ajiye da safe, kafin azahar an buga hatimi. Masu filaye suka yi ta rububinsa, babur ya zama motoci, gidan haya ya zama bene. Matarsa, wadda ta daɗe tana neman haihuwa har ta fara fid da rai, ta samu ciki. Na taya su murna da zuciya ɗaya, don mace ce mai kirki, ba ta taɓa barina na fita gidansu ban sha ruwa ba.

Tsohuwa ce ta fara. Ta zauna a bencin wata safiya ta ƙi tashi. A kawo abinci ta ce, "Bari, ɗan nan, kada a kira ni ina ci." A tambaye ta wa zai kira ta, ta ce ai layi ne. Duk izinin da ya fito, sai zamanta ya ƙara tsawo. Haka ta rame har ta cika a zaune, fuskarta na kallon ƙofa.

Bayan an share makoki, matar ta gaji wurin. Watan haihuwa ya zo ya wuce, naƙuda shiru. Aka kai ta asibiti, aka waiwaya babu ita, sai a gida aka same ta kan benci, hannu a kan ciki.

"Maigida, ka yi haƙuri," ta ce masa. "Layi bai zo kanmu ba."

A nan ya gane. Ya faskara bencin ya cinna masa wuta, gari ya waye ga shi a ƙofar kicin lafiya lau. Ya koma wurin boka a guje, ya durƙusa.

"Magani mai sauƙi ne," in ji boka. "Ka tashe ta, ka zauna da kanka. Kada ka sake neman izini sai ta sauka."

"Har yaushe zan zauna?"

"Har jiran da ka tara ya ƙare."

A makon nan aka ba shi aikin da bai taɓa samun irinsa ba, rukunin shaguna a bakin babban titi. Ya shigo ofishina idonsa jajir, ya ce in haɗa masa zane. Na ce ya je ya kula da iyalinsa tukuna. Ya ce, "Mai zane, wannan ɗaya ne kawai. Ina karɓo shi zan zauna, yanzu-yanzu."

Izinin ya fito kafin azahar. Ya koma gida da takardar a hannu ya tarar cikin ya daina motsi. Likitoci suka ciro yaron babu rai, namiji, har gashin kansa ya cika. Uwar ta rayu, amma hankalinta bai dawo ba. 'Yan uwanta suka tafi da ita, an ce har yanzu tana tambayar ko an kira sunanta. Duk lokacin da na tuna da ita sai zuciyata ta karye.

Shagunan ko bulo ɗaya ba a ɗora ba. Motocin suka tafi, benen ya bi su.

Ku masu ganin jiran kwanaki a ofis kamar mutuwa ne, ku ji tsoron Allah ku kame zuciyarku. Ku kai takardunku da wuri, ku zauna a layinku. Duk wanda ya ce zai ɗauke muku jira, ku tambaye shi kan wa zai sauke shi.

Yanzu-yanzu yana nan kullum a bencin ofishin tsara gari, tun kafin a buɗe ƙofa, rungume da fayil da babu komai a ciki. Idan layi ya zo kansa sai ya matsa gefe, ya ce wa na bayansa, "Wuce, ɗan'uwa. Na matata nake yi."