Gadar Maje Tana Ƙarƙashin Ruwa

Cikin daƙiƙa tara Ma'auni ya gama duba takardun jarrabawa dubu, ya kunna koriyar fitila. Farfesa Kande ta gyara tabarau ta bi sunayen. Kowa ya ci, sai Lantana.

Shekara uku ke nan da Jami'ar Birnin Tudu ta miƙa wa wannan na'ura makin ɗalibai a sashen safarar kaya da cinikin ƙasashe. Dabararsa ɗaya ce: amsar da ta fi yawa ita ce gaskiya. Bana kuma hukumar birni ta ƙara masa aiki, shi zai zaɓa wa motocin da ba direba hanyar kai tumatir bakin teku.

Tambayar kuwa ita ce wace hanya ta fi sauri. Ɗalibai ɗari tara da casa'in da tara sun rubuta Gadar Maje, don kuwa haka yake a tsofaffin takardun darasin da ake kwafa tun Kande na ɗaliba. Lantana, 'yar tsohon direba, ta rubuta cewa gadar ta nutse shekara ashirin da suka wuce, tun da aka datse kogin. Ta je da ƙafarta ta gani. Sifili. Ba digiri.

Kande ta tarar da shugaban sashe, Dakta Sambo, wanda ita ta koyar da shi. Ya ba ta kujera, ya yi mata bayani mai tsawo a kan yadda kuskuren mutane da yawa ke share juna.

"Sambo, ba mutum dubu ba ne. Mutum ɗaya ne ya rubuta, ya mutu, saura suka kwafa. Har da kai."

"Ranki ya daɗe, ni ma ai na ci da wannan amsar."

"Na sani. Ni na ba ka makin, Allah ya yafe mini."

Ya ce hannun mutum ba ya taɓa maki yanzu, doka ce. Ta ce to ya hana motocin tashi. Ya ce wannan ba hurumin sashe ba ne.

Ranar Laraba motoci ɗari biyu suka jeru a bakin ruwa, fitilunsu na ƙiftawa, suna jiran gada. Kwana huɗu. Warin ruɓaɓɓen tumatir ya kai har ajin Kande.

Ta saka sabon mayafi ta tafi taron majalisar jami'a, takardar Lantana a hannunta. Aka yi awa biyar. Injiniyoyi suka ce sauya tunanin Ma'auni zai rusa makin shekara uku, da digirin 'ya'yan mutane. Sai aka amince a roƙi hukuma ta gina sabuwar gada a gurbin tsohuwar. Aka tafa.

Lantana na jira a ƙofa. Ta tambaya ko za a gyara makinta.

"Za a gyara kogin," in ji Kande. "Nan da shekara huɗu amsarki za ta zama kuskure da gaske."