Alkukan da Aka Goge da Toka

Da ƙarfe goma na safe aka kira Sufeto Munzali wani gida a Silver Spring, a Amurka. An ɗauke alkukan kyandir biyu na azurfa daga kan teburin Madam Olive, tsohuwar da ba ta iya tashi.

Ɗanta Gregory bai jira tambaya ba. "Mai jinyarta ce. Hamida."

Kullum haka ne. Wadda ke wanke wa uwarka jiki ita ce ta fari a bakinka.

Madam Olive ta ce da ƙyar, "Ƙirar London ce, sun haura shekara ɗari biyu. Zubi ne, ba dalaye ba. Akwai hatimin zaki a gindinsu."

Sufeto ya sami Hamida a kicin, ya yi mata Hausa.

"Wa ke shigowa gidan nan?"

"Ba kowa, Yallaɓai."

"Wa ke ɗaukar ki in kin tashi?"

"Bas nake hawa."

Kyamarar maƙwabta ta nuna wata farar mota tana zuwa kullum da yamma.

Washegari aka gano alkukan a wani shagon tsofaffin kaya a Gaithersburg. Mai shagon, Dorkas, ta ajiye su gabansa. Sai ƙyalli suke.

"An kashe su," in ji ta. "Baƙin da ke cikin zanen jikinsu shi ne shekarunsu. Wani ya sa soson ƙarfe ya kankare, har zakin ya shafe."

Sufeto ya shinshina. Lemun tsami. A lungun zanen kuma, toka.

Hamida shekara uku tana shafa su da tsumma mai laushi. Wannan kankarar ba aikinta ba ne.

A gidansu ya tarar da mijinta, Abdulmumin, mai farar motar.

"Malam, nuna min hannunka."

Yatsun duk sun tsattsage.

"Gashin masara na yi," in ji shi.

"Da lemun tsami?"

Abdulmumin ya janye hannunsa.

"Na ga sun yi baƙi ne. Na ce wa zai sayi abu da dauɗa? Haka Inna ke wa tasoshinta."

Aka sa masa ankwa, aka fita da shi.

Hamida ba ta yi kuka ba. Tana zaune da takalmin aiki a ƙafa.

"Yallaɓai, gobe in je wa tsohuwa?"

"Ɗanta ya riga ya kira kamfanin da ya turo ki, ya ce kada ki koma."

Ta sunkuya ta fara kwance igiyar takalmin.