Sadakar Da Aka Tare A Hanya

Ana saukowa daga masallacin Juma'a rahoto ya iso ofishin 'yan sanda: an tsinci gawar Malam Gwadabe, mai makarantar koyon kwamfuta ta Mandawari, a cikin ofishinsa.

Insifekta Sabo bai ko cire kayan Juma'arsa ba ya kama hanya, shi da Saje Jamila. Mota ba ta shiga lungun, dole suka ajiye ta a bakin titi suka taka. Tun daga nesa suka ji hayaniya. Samarin unguwa ne suka cika ƙofar gidan maƙil, sun ritsa wata budurwa a jikin bango, hijabinta ya yage, leɓenta na jini.

"Ita ce! Ita ta kashe shi!"

Ba abin da Insifekta Sabo ya tsana a aikinsa kamar taron da ya riga alƙali yanke hukunci. Ya daka musu tsawa, Saje Jamila ta kutsa ta janyo yarinyar zuwa cikin zaure. Sunanta Ikram, daga Kabara take zuwa, ita ke koyar da ɗalibai mata a makarantar.

Makarantar ba wata babba ba ce, tsohon soron gidan ne aka zuba wa tebura. Daga ciki akwai wani ɗan ɗaki karkatacce, irin ginin kakanni, nan ne ofishin Malam. Gawar na kwance a ƙasa, ƙeyarta a fashe, ga jini a kusurwar akwatin ƙarfen da ake ajiye batiran sola.

Insifekta ya tsuguna ya daɗe yana kallo. An kwantar da tsohon a kan gefensa na dama, an miƙe masa ƙafafu, an rufe masa ido, an kifa masa hularsa a fuska. Kuma ba bango aka fuskantar da shi ba, wata kusurwa aka karkata shi.

"Wa ya gyara shi haka?"

"Matarsa ce ta fara ganinsa, yallaɓai," in ji Saje Jamila. "Ta rantse haka ta same shi."

A kan tebur wata babbar kwamfuta ce a kunne, shiru kamar ba ta da rai. Sunan Ikram ne a sama, alamar da akawun ɗinta aka shiga. A tsakiya kuma wani ɗan akwati ya fito yana cewa ba a da izinin goge wannan abu, sai an sa lambar sirrin mai kwamfutar. A ƙasansa ga ɗan tunin lambar sirrin da Malam ya rubuta wa kansa: "Ranar da ta tafi."

Wani mutum ya shigo yana sharɓar kuka, da farar shadda da ƙamshin turare. Naziru ke nan, mijin Bahijja, 'yar Malam da ta rasu bara. Tun bayan rasuwarta, Malam bai yarda ya raba shi da gidan ba, shi ya damƙa wa kula da kwamfutocin.

"Ranka ya daɗe, a ba mu Baba mu suturta shi kafin magariba. Kada a wulaƙanta gawarsa."

"Za a ba ku. Yaushe rabonka da shi?"

"Tun Laraba. Jiya ina Kaduna, yau da hantsi na dawo. Wanka kawai na yi na wuce masallaci, ko soron nan ban leƙo ba."

"Wa kake zargi?"

Naziru ya share hawaye da hannun riga. "Ba na son ɗaukar alhaki. Amma duk lungun nan sun ji Baba yana ɗaga murya jiya, kuma daga shi sai ita a ɗakin nan. Ga shi kuma sunanta a kwamfuta. Ranar Juma'a maza duk suna masallaci, wa ya rage a gari in ba mata ba?"

Magana ce mai kama hankali, har ta yi wa Insifekta santsi da yawa. Wayarsa ta yi ƙara, D.P.O. ne: tunda akwai wadda ake zargi, a kawo ta a rufe kafin unguwa ta kama da wuta. Insifekta ya san ma'anar wannan. In yarinyar nan ta kwana a sel da tuhumar kisa, ko kotu ta wanke ta daga baya, Mandawari da Kabara ba za su taɓa wanke ta ba. Ya roƙi a ba shi zuwa magariba.

Ya samu Ikram a ajin ɗalibai, Saje Jamila na goge mata baki.

"Ina kike lokacin sallar Juma'a?"

"Ina gida ni kaɗai, yallaɓai. Ba ma buɗewa ranar Juma'a. Labarin na ji na taho."

"Shaida fa?"

"Sai Allah."

"Me ya haɗa ki da Malam jiya?"

Ta yi ajiyar zuciya. "Ba faɗa muka yi ba. Ka san Anti Bahijja ciwon daji ne ajalinta. Bayan rasuwarta Malam ya ji labarin wata manhaja ta sa-kai. Masu binciken magani a jami'o'in duniya suna da lissafin da ya fi ƙarfin injinansu, sai su gutsuttsura shi su rarraba wa mutane. Kwamfutarka in tana zaune ba aiki, sai ta karɓi nata rabon ta yi, ta mayar musu. Ba a biyan kowa. Malam ya ce ya samu sadaka mai gudana. Ya sayar da filinsa ya sayi babbar kwamfutar nan da sola, ya ce a yi rajista da sunan Anti Bahijja, ta yi ta yi dare da rana."

"Wa ya haɗa masa?"

"Yaya Naziru. Shi ne admin, wato shi ke da ikon komai a kanta. Kullum da safe Malam sai ya zauna ya kalli wani hoto yana juyawa a fuskar kwamfutar, ya yi wa 'yarsa addu'a."

"To, jiya fa?"

"Batir ya sauka, kwamfutar ta mutu. Da ta dawo hoton bai dawo ba. Malam ya matsa ta da kansa ya buɗe manhajar, sai ta ce ba ta da izini. Yaya Naziru ba ya gari, shi ne ya kira ni. Da na duba, sai na ga an hana ta taɓa wurin ajiyarta tun satin da aka sa ta. Ko aiki ɗaya ba ta taɓa yi ba. Hoton nan bidiyo ne kawai yake maimaita kansa. Abin da ke cin ƙarfin injin wata manhaja ce ta haƙar kuɗin kirifto, tana tara wa wanda ya dasa ta kuɗi a ɓoye."

Insifekta Sabo ya ga ɓarayi iri-iri, amma wanda zai tare sadakar mamaci a hanya, wannan sabo ne a wurinsa, kuma ya ji ƙyamarsa har cikin ransa.

"Me kika yi?"

"Malam ya ce in gyara. Tsohon akawun ɗinsa na mai kwamfuta yana nan, da shi muka shiga. Na tsayar da ta ɓarawon amma ban goge ta ba, ya ce a bar ta shaida. Na buɗe wa manhajar sadakar akawun nata na kanta, na mayar mata da izininta. Sannan na sauke kowa daga admin, har ni, sai Malam kaɗai. Ya sa sabuwar lambar sirri, ni na juya baya. Ya ce ba zai tashe ta ba sai yau bayan Juma'a, don ta fara a sa'a mai albarka."

"Wa kuka gaya wa?"

"Ba kowa. Ya ce in rufa masa asiri, abin kunyar gidansa ne."

"Wa ya san lambar sirrinki?"

"Wanda ya buɗe mini akawun ɗin."

Ta iya yiwuwa gaskiya ce, ta iya yiwuwa kuma ita ta dasa manhajar take neman wanda za ta shafa wa kashin kaji. Insifekta ya nemi iso wurin matar marigayin.

Hajiya 'Yardada na zaune a kan tabarma, mata sun kewaye ta, carbi a hannu. Ɗakinta bango ɗaya ya raba shi da ofishin.

"Hajiya, me kika ji jiya?"

"Kuka na ji, ɗan nan, ba faɗa ba. Malam ne yake cewa, 'Shekara guda! Shekara guda ba abin da ya kai gare ta!' Daga nan injin ya yi tsit. Ni da na saba kwana da gurnanin fankarsa a jikin bangon nan, nakan ce yarinyar nan ce ake kai wa haske." Ba ta kama sunan ba, 'yar fari ce. "Ko tuwo bai ci ba jiya. Na tambaye shi, ya ce in bari sai ya ga wani tukuna."

"Yaya aka yi kika gan shi?"

"An tayar da salla na leƙa soro, sai na ga takalmansa da sandarsa. Malam bai taɓa rasa Juma'a ba."

Ana haka aka kira la'asar. Insifekta ya yi alwala, ya sa aka ɗauke gawar zuwa cikin gida, ya kira Ikram ofishin ita kaɗai.

"Ina gabas a ɗakin nan?"

Ta nuna bangon da ke kallon ƙofa. "Ina jin nan ne. Ni a ɗakin Hajiya nake salla."

Ya sallame ta, ya sa aka kira Naziru, ya shimfiɗa darduma yana fuskantar bangon.

"A'a, ranka ya daɗe," Naziru ya yi saurin cewa, ya sunkuya ya karkata dardumar zuwa kusurwa. "Ɗakin a karkace yake. Duk baƙo sai ya yi wannan kuskuren. Ni da Baba kaɗai muka san kansa."

Dardumar ta kwanta daidai inda gawar ta fuskanta. Insifekta ya yi sallarsa a natse. Da ya sallame ya sa aka shigo da Ikram, Hajiya kuma ta tsaya a bayan labulen ƙofar cikin gida.

"Malam Naziru, taimaka mini. Kai ne admin. Cire mini akwatin nan in ga abin da yarinyar nan ta so gogewa."

"Ai ba zai yiwu ba, ranka ya daɗe. Ta sauke ni. Ta kulle kowa, ko fayil ɗaya ba na iya taɓawa. Ka ga irin makircinta?"

"Yaushe ta sauke ka?"

"Jiya mana."

"Jiya kana Kaduna. Yau ko soro ba ka leƙo ba. Malam bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Kai wa ya gaya maka?"

Gumi ya karyo wa Naziru.

"Kuma ka duba da kyau," Insifekta ya ci gaba. "Wadda ta sa kuba da hannunta ba ta tsayawa tana jijjiga ƙofa. Wanda bai san iyakar kullen ba shi ne zai gwada akawun ɗinsa ya ƙi, ya koma na wani. Amma bar wannan. Ga tuni nan Malam ya bari: ranar da ta tafi. Matarka ce. Zauna ka buɗe mana."

Naziru ya zauna. Ya buga wasu lambobi, kwamfuta ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

"Wace rana matarka ta rasu, Naziru?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Naziru ya shige.

Daga bayan labule muryar Hajiya ta fito a dishe. "Tara ga watan azumin tsofaffi. Ranar Talata, da walaha. Kana can wurin harkokinka, sai da aka aika aka nemo ka."

Naziru ya zame daga kujera ya durƙushe.

"Ban yi niyya ba, na rantse da Allah! Ina dawowa ya kira ni ɗakin nan. Bai zage ni ba, da ma zagina ya yi. Cewa ya yi, 'Da ka roƙe ni injin da na ba ka. Me ta yi maka da za ka hana ta?' Ya ce bayan salla zai tara dangi ya faɗa musu. Na tare ƙofa ina ba shi haƙuri, ya ce in kauce, na ture shi. Turewa ɗaya ce."

"Sai ka zauna gogewa, yana kwance yana zubar da jini."

"Na ɗauka in na goge shi ke nan. Ta ƙi ni. Na shiga da sunan Ikram, nan ma ta ƙi."

"Me ya sa ka gyara masa kwanciya?"

Naziru ya fashe da kuka, na gaske wannan karon. "Surukina ne. Ban taɓa haɗa ido da shi ba tunda na auri 'yarsa. Ga shi kwance idonsa a buɗe yana kallona. Yaya zan bar shi haka, ba ko alƙibla?"

Saje Jamila ta ɗaura masa ankwa. Da aka fito da shi, samarin da suka fasa wa Ikram baki suka sunkuyar da kai suka dare, ba wanda ya iya cewa ta yi haƙuri. Insifekta ya bi su da harara ɗaya bayan ɗaya, ya ce gobe yana son ganinsu a ofis.

Ya koma ɗaukar kwamfutar, don shaida ce. Sai ya tarar Hajiya ta fito daga bayan labule, ta dafa kafaɗar Ikram.

"Ɗan nan, kafin ka tafi da ita. Malam ya yi alkawarin yau. Rana ba ta faɗi ba tukuna."

Ka'idar aiki ba ta yarda a taɓa kayan shaida ba, Insifekta Sabo ya fi kowa sani. Ya sa Saje Jamila ta ɗauki hoton komai, sannan ya juya ya kalli bango.

Hajiya ta faɗi ranar da shekarar, Ikram ta buga. Kwamfutar ta buɗe. Ta tashi manhajar, aikin farko ya sauko da sunan Bahijja Gwadabe, fanka ta ɗauki gurnani a hankali.

Hajiya ta kai tafin hannunta jikin injin ta bar shi a nan. Daga cikin gida aka leƙo aka ce an gama wa Malam wanka, ana neman likkafani.