Gaisuwar Tsaye

Ran da Harisu ya fara zuwa majemar bayan garin Dakoro, da kwalabe ya zo, wai ruwan jima yake so. Aisa na zaune bisa turmi, ƙafa a miƙe, tana kankare fata. Ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaya ko ruwan sha ne ya ƙare a Maraɗi.

Ya yi dariya, ya ce bincike yake a jami'a, yana son ganin ko tsamin irin wannan ruwa na hana ƙwayoyin guringuntsi yin sinadarin da ke ƙarfafa gaɓa. Nan take fara'arta ta ɗauke. Tun tana ƙarama take taka fatu cikin ramin bagaruwa, yanzu kuwa gwiwarta ta hagu ba ta lanƙwasuwa sai da azaba.

Kwalaben sun cika tuni, amma Harisu bai daina zuwa ba. Ta sa masa suna Mai Kwalabe, shi kuma ya sa mata 'Yar Bagaruwa. Da ta gaya masa zancen gwiwar, sai da ta sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, don ta tsani a kira ta musaka. Ya ce bai tabbatar ruwan ne ba tukuna, amma ko mene ne, ita yake so.

Matsalar ta taso ran da ta je gaida mahaifiyarsa, Inna Mata. Aisa ta sunkuyar da kai, ta yi gaisuwa mai kyau, amma a tsaye. Inna ba ta ko amsa ba. Ga Hamdiya, ɗiyar ƙanen Inna, da ke zubewa ƙasa tun daga ƙofa, har tsohuwar ta fara cewa ga matar gida.

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "'Yar Bagaruwa, Inna ta ce ba ta karɓar ɗiyar da ke gaishe ta tsaye kamar sojan jandarma. Don Allah ki bari in hwaɗi mata gaskiya."

Ta yi kuka sosai kafin ta amsa: "A'a, Mai Kwalabe. In tausayi ne zai shigar da ni gidanku, na hwasa. Gobe ni da kaina za ni."

Washegari ta tarar da Inna ta idar da walaha bisa 'yar kujerar da take salla a kai. Aisa ta cije leɓe, ta durƙusa. Gwiwar ta yi ƙara, gumi ya keto mata. Ta gama gaisuwa, ta yunƙura, tashi ya gagara.

Inna ta san wannan ƙarar a tata gwiwar, da ita take kwana take tashi shekara da shekaru. Ta daɗe tana kallon yarinyar.

"Tun yaushe?"

"Tun ina ƙarama, Inna."

"Shi ne kika bari ina ta zagin ki? Wane irin taurin kai ne wanga?"

Faɗa take yi, amma tana matsowa kusa da ita. Ta kama hannun Aisa, da ƙyar suka miƙe tare.

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya gaisuwa, wata gwaggo ta danna kafaɗarta don ta durƙusa. Inna ta ture hannun, ta sauka kan tabarma, ta tura wa Aisa kujerar sallarta.

"Zamna, ɗiyata. Allah shi yi muku albarka. Kujera ɗaya ta ishe mu, sai mu riƙa karɓa-karɓa."