Kwalbar Dalya a Kabad ɗin da Aka Sayar

"Wa ya shigo mini da wannan cikin gida?"

Muryar Gitel Brodsky ke nan, da safiyar jajibirin Idin Ƙetarewa namu na Yahudawa, har mu maƙwabta muna jiyo ta ta bango. Duk wanda ya zauna a layinmu nan Baltimore ya san Gitel idan Idi ya matso. Wata guda cur take yi tana yaƙi da ɓurɓushin burodi, don ba ya kwana a gida cikin Idi. Ta lulluɓe kantar kicin da takardar alminiyam ninki uku, ta bi littattafan marigayi mijinta shafi-shafi tana karkaɗewa, aljihun kowa kuma sai ta zazzage shi. To, a aljihun kwat ɗin Dalya, matar autanta Zalman, ta ci karo da wata farar kwalbar ƙwayoyi, an ɓare takardar jikinta.

Dalya ta fito daga kicin da wuƙar feraye dankali a hannu. Tana ganin kwalbar ta tsaya cak.

"Tawa ce, Mama. Bitamin ne kawai."

"Bitamin! Ina tambarin halaccin Idi a jikinsa? Kai, ina ma takardar?"

"Ta... ta ɓare ne."

"Da kanta ta ɓare? Ikon Allah!" Gitel ta girgiza kwalbar kusa da kunnenta. "Kin san abin da suke cusawa a ƙwayoyin nan? Sitaci! Na alkama ne, na masara ne, oho. A gidanku can Los Angeles ana dafa shinkafa ranar Idi, wannan ku ta shafa, ku mutanen Iran. Nan kuwa shekara arba'in da ɗaya ko ƙwayar masara ba ta taɓa kwana ba."

Wannan gorin shinkafa Dalya ta sha shi har ta gaji. Mu da kakanninmu suka zo daga Poland, ban da burodi da duk abin da ya kumbura, har shinkafa da wake da masara muna ƙaurace musu kwana takwas. Dangin Dalya suna ci, malamansu ma sun halatta musu, amma je ka faɗa wa Gitel haka.

Kafin Dalya ta sake buɗe baki, Gitel ta nufi kabad ɗin ƙarƙashin bene, inda ta tara taliya da gari da biskit, kayan da haramun ne mu mallaka cikin Idi, waɗanda Rabbi, malaminmu, ke sayar wa wani Kirista a madadin duk unguwa, a sayo su bayan Idi. Ta jefa kwalbar ciki, ta ja salatif ta manne ƙofar, ta rubuta da jan biro: AN SAYAR.

"Shi ke nan, yanzu ba tamu ba ce. Ni 'ya'ya bakwai na haifa, ban san ɗanɗanon bitamin ba. Koma kan dankalinki, 'yar nan."

Abin da Gitel ba ta sani ba, Dalya na da ciki, sati biyar. Bara ma ta samu, ya kai wata biyar, aka yi hoto aka ga ƙashin bayan yaron bai haɗe ba, cikin kuma bai tsaya ba. Kafin nan Gitel ta riga ta shelanta wa duk layin, har mai sayar da kifi. Bayan abin ya faru ta yi wata guda tana kuka tana cewa baki ne ya kama jikanta, kuma bakinta ne ya jawo. Shi ya sa wannan karon Dalya da Zalman suka yi alkawari ba mai ji sai ciki ya yi ƙwari. Likita kuwa ta rubuta mata ƙwayoyi masu ƙarfi, ta ce makonnin nan na farko su ne ƙashin baya ke haɗewa, kada ta tsallake ko kwana ɗaya. Dalya da hannunta ta ɓare takardar, don an rubuta a jiki ɓaro-ɓaro cewa na masu juna biyu ne.

Zalman ya dawo daga kai kwalaye bola, ya tarar da ita a ɗakinsu na sama, zaune a bakin gado, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Dali, me ya faru? Jini kika gani?"

"A'a. Mama ta sayar da maganina."

Ya saurari labarin yana sosa ƙasan 'yar hularsa. Zalman yaro ne mai kirki, amma fa gaban uwarsa ruwa yake zama, wannan kowa ya sani.

"Bari in ruga kemis in karɓo wani."

"Ka shigo da shi ta ina? Har safarka sai ta duba."

"To... Dali, kwana takwas ne fa kawai, ko? Bayan Idi sai ki..."

Ta ɗago ta kalle shi. Ba ta yi ihu ba, gara ma a ce ta yi.

"Kana ɗakin lokacin da likitan bara ya juya talabijin ɗin hoton ciki don kada in gani. Kai ka gani, Zalman. Maimaita mini kwana takwas ɗin."

Kunya ta rufe shi. Ya durƙusa a gabanta ya riƙe gwiwoyinta.

"Sori, Dali. Tsoro ne ya yi magana, ba ni ba. Yau za ki sha maganinki."

"Amma kada ka faɗa mata. Fulis. In wani abu ya sake faruwa, ba zan iya ɗaukar kukana da nata ba."

"Ba zan faɗa ba."

Ya sauko, ya wuce uwarsa kai tsaye, ya kai hannu kan salatif.

"Zalmi! Me kake yi?"

"Mama, maganin matata zan ɗauka."

"Kayan wani za ka buɗe? Sata za ka yi mini a jajibirin Idi?"

"Likita ce ta rubuta mata."

"Ciwon me take yi?"

Ya kau da kai.

"Af! Ka gani? Babu ciwo, iyayi ne." Ta nuna shi da yatsa. "Yayyenka shida duk sun tafi yin Idi gidan surukai, kai kaɗai ka rage mini a teburin nan. Ubanka ko aspirin bai taɓa haɗiya ba a Idi. To in hannunka ya yage salatif ɗin nan, ɗauki matarka ku tafi inda ake cin shinkafa, ni in yi Idina da kujeru!"

Ta fashe da kuka. Da can, a nan Zalman ke zubewa yana ba da haƙuri. Yau kuwa bai ɗauke hannunsa daga ƙofar ba.

"Ina son ki, Mama, ba kuma inda za ni. Amma sai ta sha."

Dalya ce ta sauko ta tsaya a tsakaninsu.

"Mama, kada ku ɓata saboda ni. Mu je mu tambayi Rabbi. Abin da ya ce, na yarda."

Gitel ta share ido da gefen atamfar girkinta. "Yawwa! Mu je. Yau za ku ji da kunnenku."

Rabbi Anshel yana inda yake kowace shekara, a filin ajiye motoci da ake ƙona ragowar burodi, tsaye nesa kaɗan da wuta, toka a gemunsa, mutane sun yi layi kowa da tambayarsa. Wani na tambaya kan man goge baki, wata kan abincin kyanwa. Da layi ya zo kansu Gitel ba ta bar kowa ya yi magana ba, ta zayyana komai, har da shinkafar Los Angeles.

"Ina takardar maganin?" in ji Rabbi.

Dalya ta zaro ta daga cikin littafin addu'arta, a ninke, ta miƙa wa Zalman, shi kuma ya miƙa. Tsohon ya ɗaga tabarau ya karanta har ƙasa. Ya dubi Zalman, ya dubi Dalya, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sai ya ciro wani ɗan littafi da ya sha hannu daga aljihu, jerin magungunan bana, ya bi da yatsa.

"Taunawa ake yi ko haɗiya?"

"Haɗiya, Rabbi. Ɗaci ne ma da shi."

"Madalla. Babu alkama a ciki, sitacin masara ne. Ƙin cin masara al'ada ce muka ɗora wa kanmu, ba a kuma ɗora ta a kan mai buƙatar magani ba. Uwargida Brodsky, ba cewa nake ya halatta kawai ba. Dole ne ta sha, kullum."

"Amma an sayar da kabad ɗin!"

"Ni na sayar, ai na san abin da na sayar. Taliyarki da biskit ɗinki ya saya, bai sayi maganin kowa ba. A buɗe, a ɗauka, a rufe."

Zalman ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sai dai Gitel ba a gama da ita da sauƙi haka. Suna barin layin ta tsaya cak a bakin titi.

"Rabbi ya faɗi doka, na ji. Amma gida nawa ne, al'ada ta mijina ce. Ta sha a kan titi in tana so, ban da ƙarƙashin rufina."

"Haba Mama!"

Dalya ta dafa hannun mijinta. Ta daɗe tana kallon tsohuwar, da jajayen hannayenta da sabulu ya cinye, ita kaɗai take ta wannan wahala don mutumin da ya rasu shekara tara da suka wuce. Tausayi ya kama ta. Ta ga ɓoyon da suka yi don kare Gitel shi ne yake neman raba gidan. Ta karɓi takardar daga hannun Zalman ta sa a tafin surukarta.

"Karanta, Mama. A hankali, don Allah."

Gitel ta nesanta takardar da idonta, leɓɓanta na motsi. Ta kai layi na biyu ta tsaya. Ta dubi fuskar Dalya, ta dubi cikinta, ta toshe bakinta da hannu biyu. Sai ta juya gefe ta yi tofi sau uku don korar mugun baki.

"Sati nawa?" ta tambaya da raɗa.

"Biyar. Likita ta ce maganin ne zai taimaka kada na bara ya..."

"Shhh! Kada ki ƙarasa. Na yau kin sha?"

"A'a."

"Ba ki sha ba? Rana ta kusa tsaka ba ki sha ba? Zalmi, kai wane irin miji ne, kana tsaye kamar turken fitila!"

Jama'a, ni da idona na ga Gitel Brodsky, mai shekara sittin da takwas da ciwon gwiwa, tana sassarfa a layinmu, ɗankwali ya karkace, ɗanta da matarsa na bin ta a baya suna dariya suna kuka. Da farcenta ta yage salatif ɗin. Ta ɗauko kofin gilashi cikin kayan Idi da ba a taɓa ba ta ɗauraye shi sau biyu, ta tsaya a kan Dalya har ta ga maƙogwaronta ya motsa. Sannan ta zauna a matakalar bene.

"Ki yafe mini, 'yata. Da na kashe jikana da tsabta."

"Ba ki sani ba ne, Mama. Mu ma mun yi laifi da muka ɓoye."

"Kun yi daidai! Bakina ba shi da murfi, na san kaina."

Kwana takwas ɗin nan, kowace safiya, kafin Dalya ta sauko akwai ruwa da ƙwaya ɗaya a kan faranti suna jiran ta. Na shiga aron ƙwai na ga farantin, na tambaya, Gitel ta ce in kula da harkar gabana. Sai daga baya Dalya ta ba ni labarin duka.

Da ciki ya kai wata biyar aka koma hoto, su uku. Dalya ta rufe ido ta ƙi kallo, Zalman na riƙe da hannunta na dama, Gitel na hagu tana karanta Zabura ƙasa-ƙasa. Likita ta daɗe tana yawo da na'urar, ɗakin tsit. Can ta juyo da talabijin ɗin wajensu.

"Buɗe idonki, Dalya. Ga ƙashin bayanta nan, tun daga wuya har ƙasa. Ya haɗe tsaf."

Dalya ta buɗe ido, ta bi 'yan ƙasusuwan da kallo ɗaya bayan ɗaya, a jere reras. Ta saki kukan da ta riƙe shekara guda, na sanyin rai wannan karon.

Ku 'yan mata da samari masu shirin aure, ku riƙe wannan. Al'adar iyaye abin girmamawa ce, amma don rayuwa aka kafa ta, kuma in abu ya shige duhu a tambayi masani kafin a yanke hukunci. Miji ya iya tsaya wa matarsa ba tare da ya wulaƙanta uwarsa ba. Dalya ba ta rama gori ko sau ɗaya ba, haƙurinta kuma bai sa ta bar maganinta ba.

An haifi yarinyar cikin sanyin Disamba, lafiya lau. Da nas ta miƙa wa Gitel ita, ba fuskar ta fara dubawa ba. Juya ta ta yi a hankali, ta bi bayan da yatsa daga sama har ƙasa, sannan ta sa mata baki ta sumbace shi.