Ramin da Kwamfuta Ta Zaɓa

A ofishin tsaftar gari ya fara ganinta, ofishin da turare ba ya daɗewa a jikin mutum. Ta shigo da taswira a naɗe, ta tambaya wane ne Injiniya. Ya miƙe da sauri har ya ture kofin shayi a kan takardun kwamiti. Maza dai haka muke, wasunmu har furfura ba mu daina zubar da shayi ba.

Aikinsa nemo wa gari sabon wurin zubar da shara, don tsohon jujin ya cika har yana leƙa gidajen mutane. Yana da manhaja a kwamfuta da ake ba ta nisan gidaje, da inda iska ke kaɗawa, da kyawun hanya, da yawan masu ƙorafi, ta auna ta faɗi wurin da ya fi dacewa. Ita kuwa budurwar, ita ke zana taswirar da manhajar ke aiki da ita. Ba a jima ba ya laƙaba mata Tauraruwa.

Ya tura mata saƙo: "Tauraruwa, yau na auna komai, ke kika zo ta ɗaya."

Ta amsa: "Su waye sauran da aka auna? Turo min sunayensu."

Ana cikin haka manhajar ta zaɓi wani tsohon ramin fasa dutse a bayan gari. Babu gida kusa, babu mai ƙorafi ko ɗaya. Ya juya lissafin, ta sake nuna ramin. Da Tauraruwa ta ga sakamakon, ta naɗe taswirarta ta fice ba sallama, ta daina ɗaga wayarsa.

Mataimakin darakta, wanda ya daɗe yana ƙyasa ta, ya riga ya kai wa mahaifinta labari da gishirinsa. Da kawun Injiniya ya je neman aure, tsohon ya ce wanda zai juye wa ɗansa shara a ka ba zai zama surukinsa ba. Sai a lokacin Injiniya ya ji cewa yayan Tauraruwa ya faɗa ruwan ramin shekarun baya, kuma har yau ba a ga gawarsa ba. Mutane ba sa ƙorafi a kan wurin ne don ba sa son ambatonsa.

Da rana tsaka Injiniya ya je ramin. Ruwan kore ne, a kwance kamar an rufe shi da gilashi. Ba ƙuda, ba tsuntsu, ƙarar motocin titi ma a bakin ramin take tsayawa. Ya jefa tsakuwa, bai ji faɗuwarta ba.

"Ka zo aunawa ne?"

Tsohon ne, mahaifin Tauraruwa, zaune a kan wani dutse da zama ya sa ya yi santsi.

"Gaisuwa na zo, Baba."

Tsohon ya ce kullum yana zuwa, don kada yaron ya fito ya tarar ba kowa.

A taron kwamiti Injiniya ya ce manhajarsa ta ɗauki shirun mutane a matsayin yarda, don haka zai ƙara mata tambaya: akwai mai jiran wani a wurin? Aka bushe da dariya. Mataimakin darakta ya tambaya ko aljanu ma za a raba musu ƙuri'a. Injiniya ya dage sai an bi gida-gida an tambaya. Aka bi, ba wanda ya yarda a zuba shara a ramin. Aka zaɓi wani fili mai nisa, darakta yana ta mitar man fetur, ƙarin girman Injiniya kuma ya bi ruwa.

Sai ga saƙon Tauraruwa: "Rabin raina, na ji an yi maka dariya saboda mu. Baba ya ce ka zo, amma ba gida ba."

A bakin ramin ya same su. Tsohon ya kama hannunsa, ya juya ya fuskanci ruwan.

"Ga mijin ƙanwarka na kawo maka. Allah ya yi musu albarka."

Babu iska ko kaɗan, amma ruwan ya motsa daga tsakiya, ya taho a hankali har ya taɓa takalmin Injiniya. Tauraruwa ta ce amin tana hawaye. Injiniya ma ya ce amin, da murya mai ƙarfin da ba a buƙata.

An ɗaura aure kafin damina, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari. Takalmin dai yana nan a bayan ƙofarsu, har yau bai bushe ba.